Daga Jega Zuwa Kano, Ganin Manyan Dawa

Wata rana muna koyar da karin magana a aji biyar, sai muka rubuta a allo cewa giwa a garin wani zomo ce. Muka tambayi yara ma'anarta, suka ba da amsa daidai, gama sun sha jin ta a bakin manya. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, giwa ta kai raƙumi girma?" Muka ce ta fi shi nesa ba kusa ba. Ta ce, "Malam, kun taɓa ganinta?"

Nan fa aka yi shiru. Gaskiyar magana ita ce, mu da ke riƙe da alli mun haura shekara 40 a duniya, amma a littafi da talabijin kaɗai muka san giwa. Muka juya muka tambayi ajin, wa ya taɓa ganin zaki? Babu. Jimina fa? Babu. Kura fa? Yaro ɗaya ya ce ya taɓa ganinta a kasuwa wurin gardawa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya. Yara 38 ke cikin ajin nan, 'ya'yan Jega da Aliero da Maiyama. Kullum suna jin zaki da kura da giwa a cikin tatsuniyar Gizo, suna kuma jin su a cikin zancen iyayensu, amma idonsu bai taɓa faɗa wa ko ɗaya ba.

Da muka ba wani dattijo labarin nan a Maiyama, kakan ɗaya daga cikin yaranmu, sai ya girgiza kai. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa ba a barin akuya ta kwana a waje saboda kura, in dare ya yi kuwa ana jin kukanta daga bayan gari. Ya ce barewa da gada da mugun dawa har cikin gona suke shigowa. Sa'an nan ya ce mana, "Malam, ku kai su su gani. Gani ya kori ji."

Shawara da Shiri

Ba mu san wani babban gidan namun daji kusa da mu ba, sai hankalinmu ya koma kan Gidan Zu na Kano. Amma daga Jega zuwa Kano ta hanyar Sakkwato tafiyar fiye da kilomita 600 ce, kowa kuma ya san halin da hanyar Gusau da Funtuwa ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Muka kira iyaye muka shimfiɗa musu maganar a fili, ba mu ɓoye kome ba. Waɗansu suka ce atafau 'ya'yansu ba za su je ba. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan, gama ɗa ba abin caca ba ne. Waɗansu suka yarda, bisa sharaɗin cewa da rana kaɗai za a yi tafiya, a kuma riƙa tambayar labarin hanya a kowace tasha kafin a wuce.

Zango ɗaya cur muka yi muna tara kuɗi. Wata uwa ta sayar da ɗan akuya, wani uba a Aliero ya ware kuɗin buhun albasa guda. A ƙarshe yara 12 suka samu tafiya, tare da malamai 3 da uwa ɗaya daga cikin iyaye. Sauran 26 muka yi musu alkawari za mu kawo musu labari ba ragi. Wannan rubutu ma wani yanki ne na cika alkawarin.

Muka tashi daga Jega bayan azahar a lokacin hunturu. Muka bi ta Aliero, garin albasa da masu ɗorin karaya, muka wuce ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha wadda aka kafa a 2006, muka ratsa Tambuwal da Boɗinga, muka kwana a Sakkwato. Washegari rana na fitowa muka kama hanya: Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Malumfashi, Gwarzo. Tun daga Jega muka ba yara aiki, kowa ya rubuta duk naman dajin da ya hango ta tagar mota. Sa'ad da muka shiga Kano da yamma muka karɓi takardun. Shanu, awaki, jakuna da raƙuma sun cika shafi, amma waɗannan na gida ne. Na daji kuwa, ga abin da aka samu: balbela, hankaka, shirwa, da kurege guda ɗaya da ya tsallake titi. Tafiyar yini da rabi ke nan a tsakiyar ƙasar Hausa.

Yadda Gidan Ya Samu

Kafin mu shiga, bari mu ba mai karatu tarihin wurin, kamar yadda muka ba yara a daren nan a masaukinmu na Sabon Gari.

Ajiye namun daji ba sabon abu ba ne. Sarakuna tun dā suna kiwon jimina da gauraka a fada, har wa yau kuma takalmin gashin jimina yana cikin kayan sarautar Kano. Amma gidan da za a tara dabbobi iri iri domin kowa ya zo ya gani, ya kuma koyi wani abu, daga baya ya zo. Wanda ya fi tsufa cikin waɗanda ke aiki har yanzu shi ne na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, an kafa shi a 1752. Na Landan ya biyo baya a 1828, na Giza a Masar a 1891. A nan Nijeriya an fara na Jami'ar Ibadan a 1948, aka kuma kafa na Jos.

Na Kano aikin Alhaji Audu Bako ne. An haife shi a Kaduna a 1924, ya shiga aikin ɗan sanda har ya kai muƙamin kwamishina. A 1967, sa'ad da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jiha 12, shi aka naɗa gwamnan farko na Jihar Kano. A lokacin Kano ta haɗa da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, mu kuwa muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, Sakkwato ce hedkwatarmu. Audu Bako mutum ne mai son noma da ruwa da itatuwa. A zamaninsa aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka gama ta Tiga a 1974, manoman rani na Kadawa da Kura suna cin moriyarta har gobe. A cikin waɗannan ayyuka ne ya ware fili mai faɗin fiye da hekta 40 a kudancin birni. Aka kafa gidan namun daji a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972. Ya sauka daga mulki a 1975, sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya karɓi ragamar ƙasa, ya rasu a 1980. Gidan yana ɗauke da sunansa.

Abin lura shi ne, ran da aka buɗe gidan, a gefen gari yake. Ga shi yau birni ya kewaye shi ta kowace fuska. Titin da ya bi ta gabansa, wanda kowa ke kira Titin Gidan Zu, yana cikin manyan titunan kasuwanci na Kano. Filin baje kolin kayayyaki yana nan, katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014 yana nan, ofisoshin masu shirya finafinan Hausa da yawa ma a nan suke. Unguwar da ke maƙwabtaka da shi sunanta Gandun Albasa. Da yaranmu na Aliero suka ji sunan sai suka miƙa wuya suna neman fadama, ba su ga kome ba sai benaye da shaguna. Ɗayansu ya ce, "Malam, ashe albasar tasu suna ce kawai." Direba ya yi dariya har da buga sitiyari.

A 2020 gwamnatin Kano ta ba da sanarwa cewa za ta ƙaurar da gidan zuwa Tiga, domin hayaniyar birni ba ta dace da dabbobi ba. Mutane da yawa suka nuna rashin yarda, suna cewa filin nan mai itatuwa shi ne wurin shan iskar talaka. Mu dai da muka je, a Titin Gidan Zu muka same shi.

Cikin Gida

Da hantsi muka isa ƙofa, muka yanki tikiti, muka jera yara biyu biyu. Abin da ya fara ba mu mamaki ba dabba ba ce, inuwa ce. Taku kaɗan daga ƙarar motoci da 'yan adaidaita sahu, sai ga manyan itatuwa sun yi rumfa, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suna kuka a sama. Uwar da ta rako mu ta ce rabonta da ganin itatuwa masu kauri haka a wuri ɗaya tun tana yarinya.

Yara suka ce zaki za a fara gani. Muka je muka tarar da manyan dawa a kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, ko kallonmu bai yi ba. Wani yaro ya ce, "Malam, ba shi da lafiya ne?" Muka gaya masa lafiyarsa lau, halinsa ke nan. Ko a daji zaki yakan yi kusan awa 20 a yini yana hutawa, da dare yake harka, kuma yawancin farauta zakanya ce ke yi. Muna cikin bayani sai ya ɗaga kai ya yi hamma. Da yara suka ga fiƙoƙin nan, ba wanda ya ce musu su ja da baya, da kansu suka ja. Can kuma ya yi gurnani sau ɗaya, ƙasa ƙasa, muka ji shi har cikin ƙirjinmu. Masana sun ce in ya yi ruri sosai da dare ana jinsa daga nisan kilomita 8. Yarinyar nan mai tambaya ta riƙe zanen uwar da ta rako mu, ba ta sake shi ba sai da muka bar wurin.

Daga nan sai kura. A tatsuniya kura ita ce wawuya, mai kwaɗayi, matsoraciya, kullum Gizo da dila suna yi mata wayo. Yara suka iso suna dariya tun daga nesa. Amma da suka ga kaurin wuyanta da faɗin muƙamuƙinta, dariya ta ragu. Muka faɗa musu cewa haƙoranta suna farfasa ƙashin da kare ba zai iya ba. Kura mai dabbare-dabbare ba mushe kaɗai take jira ba, yawancin abincinta ita ke farautarsa. A cikin garkensu mace ce shugaba, ta kuma fi namiji girma. 'Yan matan suka ji daɗin wannan labari ƙwarai. Yaron nan da ya taɓa ganin ta gardawa ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ba ta yi kama da waccan ba. Waccan kanta a ƙasa yake." Muka tuna masa da karin maganar da ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce sai yau ya gane ta sosai.

Jimina ta zo har bakin waya tana leƙenmu da manyan idanunta. Muka sa yara su dubi ƙafarta, suka ƙirga yatsu biyu tak. Ba ta tashi sama, amma tana gudun kilomita 70 a awa, harbinta kuma yana iya karya mutum. Ƙwanta ɗaya ya kai na kaza wajen 24. A ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Wannan ya nuna yawan da take da shi a ƙasashen nan a dā.

Muka ga kadoji a bakin ruwa, baki buɗe, ba motsi, har yara suka yi gardama ko na siminti ne, sai da ɗaya ya lumshe ido aka raba gardama. Muka ga mesa a naɗe kamar gammo. Muka ga manyan kunkuru irin na Sahel, waɗanda ke haƙa rami su ɓuya daga zafin rana, suna kuma iya wuce shekara 70 a duniya. Wurin birai kuwa nan aka sha dariya, gama bika yana miƙo hannu kamar almajiri, in ba a ba shi ba ya juya baya ya yi fushi. Muka hana yara ba su biskit, domin abincin mutum ba duka ne ke karɓar dabba ba, kuma cizon biri ba wasa ba ne.

Sai a ƙarshe muka je wurin giwa. Mun so mu yi bayani, sai muka ga ba amfani. Yara 12 da manya 4 muka tsaya shiru muna kallo. Ta kaɗa kunnuwa kamar faifai, ta naɗo ciyawa da hancinta ta kai baki a hankali, ba gaggawa. Daga baya muka gaya musu cewa babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, tana kuma ɗaukar ciki wata 22. Wani ƙaramin yaro ya yi lissafi a yatsunsa ya ce, "Malam, ashe Nuhu ya sha aiki a cikin jirgi." Muka juya wurin yarinyar da ta jawo tafiyar nan muka ce, "To, ta kai raƙumi?" Ta ce, "Malam, yanzu karin maganar ce ban yarda da ita ba. Wannan ko a garin wa take, ba za ta zama zomo ba."

Labarai Biyu na 2019

Da muka zauna cin abinci a inuwa, yara suka tambayi labarin birin da ya haɗiye kuɗi, gama sun ji shi a bakin manya. Ga yadda abin yake. A watan Yuni 2019, bayan bikin ƙaramar Salla, Naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga suka ɓace. Sai labari ya bazu, har a jaridun ƙasashen waje, wai gwaggon biri ne ya haɗiye su. 'Yan sanda suka shiga bincike. Gwamna na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu irin wannan ƙaton biri a gidan sam. Muka ce wa yara su lura: dabba ba ta da bakin kare kanta, shi ya sa yake da sauƙi a ɗora mata laifin mutum.

Na biyu ya faru a watan Oktoba na shekarar. An dawo da wani zaki daga bikin nunin amfanin gona a Jihar Nasarawa, ana ƙoƙarin mayar da shi kejinsa sai ya kuɓuce. Aka rufe gidan, mutanen unguwa suka kwana da ido ɗaya. Kusan kwana biyu aka yi ana fama. Zakin bai fita daga harabar gidan ba, wurin awaki ya shiga ya yi ta'adi, daga bisani aka mayar da shi keji, ba a rasa ran mutum ko ɗaya ba. Darasin a fili yake: keji ba ya mayar da zaki kyanwa. Kada wani ya zura hannu domin ya burge abokansa.

Abin da Keji Ba Ya Iya Yi

A hanyar komawa gida muka sake duban daji ta taga, amma da wani ido dabam. Lokacin da aka buɗe Gidan Zu, an yi shi ne domin ɗan birni ya ga abin da ɗan ƙauye ya sani. Yau ɗan ƙauye ne ke hawa mota yini da rabi zuwa birni domin ya ga abin da kakansa ya gani a bayan gona. Yadda birni ya kewaye gidan nan, haka gonaki suka cinye daji. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya, yanzu mun haura miliyan 200. Kowane baki yana bukatar gona da itacen girki. Aka haɗa da gawayi, da ƙunar daji, da bindiga, da farin 1973 da na 1984. Ba mugunta ce ta kori namun daji ba, galibi bukata ce. Amma rashin kula ma ya taimaka.

Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a dazuzzukan Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne, a ƙasa 5 kaɗai. A Nijeriya wuri biyu aka same su, Yankari da gandun dajin Tafkin Kainji. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasar nan, da wuya a gan ta yanzu a fadamunmu. Ungulu fa? Duk wanda ya kai shekarunmu ya tuna yadda suke cika mahauta da bishiyoyin kasuwa, har ana korar su da sanda. Yau ku tambayi 'ya'yanku ko sun san ta. A 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayar da sassan jikinta domin magani. Ita ce kuwa ke share mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Ta yi mana aikin tsabta kyauta, ba mu gode mata ba.

Duk da haka ba a ce kome ya ƙare ba. A 2018 giwaye suka ɓullo a yankin Bagudo da Koko/Besse, kudu da Maiyama kaɗan. Sun yi ɓarna a gonaki, amma gwamnatin jiha ta hana a taɓa su, mutane kuma suka yi haƙuri. Dorina tana nan a Kogin Kwara wajen Yawuri, ko da yake zama da ita ba sauƙi: a 2024 wata ta kashe masunci a can, daga baya aka farauce ta. Wanda giwa ta tattake masa gero, ko wanda dorina ta kifar masa da kwalekwale, ba za a ce masa ya yi murna ba. Tilas hukuma ta dubi asararsa, in ana so ya bar dabbar da rai.

Labarin da ya fi ƙarfafa mana zuciya daga maƙwabtanmu na Nijar ya fito. A yankin Kure, tsakanin Doso da Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙare a sauran ƙasashe. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Gwamnati ta hana farautarsu, aka kuma taimaki ƙauyukan da ke zaune tare da su, manoma suka haƙura da ɗan waken da suke ci. Yanzu sun haura 600. Ba a cikin keji suke ba, a tsakiyar gonakin gero suke yawo, a ƙasa irin tamu, da mutane irinmu. Gidan Zu yana iya nuna wa yaro raƙumin dawa, amma manoman Kure ne suka hana shi ƙarewa.

Ga Masu Niyyar Zuwa

Iyaye da malamai da ke son kai yara, ga 'yan shawarwari daga abin da muka gani. Ku binciki labarin hanya kafin ku tashi, ku yi tafiya da rana kaɗai, in kuma hankali bai kwanta ba ku ɗaga tafiyar, gama giwa ba za ta gudu ba. Ku tambayi kuɗin shiga wurin wani ɗan'uwa a Kano tun kuna gida, domin kuɗi yana sauyawa. Ranakun Salla da Kirsimati da Sabuwar Shekara gidan yana cika maƙil. Mai son yara su gani a natse ya zaɓi ranar aiki, ya isa da safe, lokacin dabbobi ba su shige inuwa ba tukuna. Ku riƙe ruwan sha da abinci, ku sa takalmin da ba zai gajiyar da ƙafa ba, gama filin yana da faɗi. Ku ƙirga yara a ƙofa, ku sake ƙirga su a kowane keji. Kada a jefi dabba, kada a tsokane ta da kara, kada a ba ta abinci sai da iznin ma'aikaci. Ku ba kowane yaro takarda da fensir. Abin da hannu ya zana ya fi zama a kai.

Da muka koma Jega, yaran nan 12 suka tsaya gaban 'yan'uwansu 26 suka ba da labari, kowa da dabbarsa. Sa'an nan muka buɗe wani sabon littafi a aji. Duk wanda ya ga wani tsuntsu ko naman daji a Jega ko Aliero ko Maiyama, ya zo ya rubuta sunansa da wurin da ranar. Zuwa yanzu an rubuta bushiya, damo, guza, zomo, fakara, zalɓe, da jemagu a bishiyar mangwaro. Ana jiran shamuwa da farkon damina. Wani yaro da ya fi kowa iya harbi da danƙo ya zo ya ce ya ga mujiya a kan tsamiya bai harbe ta ba, domin yana so a rubuta ta. Mu da muka san mutum na fari an sa shi a gona ne domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, mun ga wannan ƙaramin abu ya fi mana kuɗin motar duka.

Muka kai wa dattijon nan na Maiyama hoton jikansa tsaye a gaban kura. Ya daɗe yana dubawa, ya ce ita ce, ba shakka. Sa'an nan ya tambaye mu ko an rubuta ungulu a littafin namu. Muka ce, "A'a, Baba, ba a gan ta ba tukuna." Ya ce, "To, ku bar mata shafi."

Mun bar mata.